Tsirkiya ko Gangar Jiki: Nazarin Fikof a Jitar Katako

A zaurukan biki na Wuse da Garki da Maitama a Abuja, jitar katako ba ta kaiwa kunnen jama'a sai ta waya, domin ganguna da kibod sun riga sun cika wuri. 'Yar na'urar da ke ɗauko sautinta ta miƙa wa lasifika, wadda makaɗa ke kira fikof, akan zaɓe ta ne bisa araha da ƙarfin ƙara. Wannan kuskure ne, domin kowace fikof tana da inda take kasa kunne, kuma nan ne ake yanke amon da zai fito.

Mai maganaɗisu, wadda ake ratayawa a bakin ramin jita, motsin tsirkiyar ƙarfe kaɗai take ji. Amonta na da kauri da taushi, amma yana karkata zuwa na jitar lantarki, kuma mai naɗi ɗaya takan kwaso gurnanin wutar zaure. Ga tsirkiyar leda kuwa, ko izgar goge da kukuma, kurma ce. Ta biyu ita ce fiyezo, siririn abu da ake shimfiɗawa ƙarƙashin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki. Tana aiki da abin da Jacques da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1880, cewa wasu duwatsu na fitar da lantarki idan an matsa su, kuma kamfanin Ovation na Amurka ya yaɗa ta a shekarun 1970. Ita ta fi yawa a jitocin kasuwa, don ba ta saurin sa lasifika kuka. Sai dai matsi take ji, iskar cikin akwatin ba ta isa gare ta, shi ya sa in an doka da ƙarfi sautin kan fito a bushe, da ƙyas-ƙyas kamar an karya kara. Da hunturun Abuja ma abin ya fi muni: katako ya tsotse, ƙashin ya daina zama daidai, wata tsirkiya ta yi ihu wata ta yi shiru.

Rashin jin amon jikin jita ya fi yi wa kunnen Bahaushe nauyi, domin kiɗanmu na tsirkiya a jikin kayan yake zaune. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi. Abin da ya cika shi shi ne gwangwanin da aka rufe da fata da ƙananan zobban ƙarfe masu kacau-kacau a ƙarshen sanda. Haka gurmin Haruna Uji, ƙwarya da fata ne suka ba shi murya. Mai jitar da ya tashi da wannan kiɗa yakan bugi allon da yatsa, ya danne tsirkiya da tafi, ya sa katako ya amsa. Fikof ɗin da ake mannawa a cikin allon fuska, irin K&K, ko ƙaramin makirufo na ciki, su ne ke kama wannan. A ganina su suka fi cancanta da salonmu.

Masu haɗa sauti za su ce makirufo a zaure mai tayil da gilashi neman rigima ne, yana jin lasifika sai ya fara kuwwa. Gaskiyarsu, amma abu ne mai magani: a toshe ramin da murfin roba, a kawar da lasifikar dandamali daga gaban jita, ko a yi gauraye irin na Anthem ɗin LR Baggs, inda fiyezo ke riƙe ƙasan sauti makirufo ya ɗauki sauran. Wasu kuma za su kawo Bombino da Mdou Moctar na Agadas, su ce ai maganaɗisu bai hana su ratsa duniya ba. Amma abin da ya fi fito da su jitar lantarki ce, kaya ne daban mai murya tasa, kuma sun gina salonsu a kan wannan murya da gangan. Wanda ya hau dandamali da jitar katako amon katako ya yi wa masu sauraro alkawari, kuma fiyezo ita kaɗai ba ta iya cika shi.