Kalmar Sgraffito da Zanen Hausawa: Sharhi a kan Wata Gurguwar Fassara

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da manazarta adon Hausawa kan ci karo da su a littattafan Ingilishi akwai sgraffito. Masu fassara sukan mayar da ita "zane" kurum su wuce, wasu marubuta kuma sukan liƙa ta ga kowane adon bango da aka yi da tsinin ƙarfe. Wannan maƙala za ta nuna cewa duka biyun kuskure ne, za ta kuma gwada kalmar da ayyukan hannu na ƙasashen Tasawa da Mayahi cikin jihar Maraɗi, domin a ga inda ta dace da inda ba ta dace ba.

Asalin kalmar da ma'anarta

Sgraffito ba haifaffiyar Ingilishi ba ce, aro ce daga Italiyanci, kuma tushenta aikatau ne mai ma'anar karta. Tushensu ɗaya da graffiti, watau rubuce-rubucen da akan yi a bangon titi. Giorgio Vasari ya bayyana wannan dabara a littafinsa na tarihin masu zane na Italiya, wanda ya fito a 1550. Magini yakan shafe bango da yaɓe mai duhu, ya ɗora farin yaɓe marar kauri a kansa, sa'an nan tun bai bushe ba ya karce na saman, duhun da ke ƙasa ya bayyana ya zama shi ne zanen. Haka magina tukwane ke yi da yumɓu mai launi biyu.

Ashe ke nan sharuɗɗa uku ne: shimfiɗa biyu, launi biyu, da cire wani abu daga ta sama. Mai wannan aiki rage abu yake yi, launin da ido ke gani kuwa tun farko yana nan a ɓoye.

Bangon Hausa

Adon gidajen Hausawa ya daɗe da jan hankalin manazarta, kamar yadda littafin Kirk-Greene na 1963 a kan gidajen Zariya ya shaida, kuma unguwar Birni ta Damagaram ta yi suna a kansa. Hanyoyin aikin uku ne. Akwai wanda ake tayarwa da hannu a ɗanyen yaɓe har ya yi tudu, akwai wanda ake tsagawa a siminti ko laso kafin ya kama, akwai kuma na fenti. Na farko ƙari ne, na uku shafi ne, don haka babu ruwansu da kalmar. Na biyu shi ne mai ruɗi. Idan an tsaga dagi a laso, cikin tsagar da bayanta launinsu ɗaya, inuwa ce kawai ke fito da shi. Wannan tsaga ce. Sai fa in an shafa farar ƙasa a kan makuba, aka karce har jan makubar ya leƙo, a nan ne sharuɗɗan uku suka cika.

Tasawa ba baƙuwa ba ce ga kayan wannan aiki. Heinrich Barth, da ya sauka garin a watan Janairu na 1851, ya ambaci marinarsa, kuma daga marina ake samun katsin da ake haɗa laso da shi. To amma samuwar laso ba ta isa hujjar kiran kowane adon ƙofar zaure sgraffito ba.

Fata da ƙwarya

Wanda ke neman ainihin ma'anar a wannan yanki, rumfar dukawa ya kamata ya nufa ranar kasuwa. Ƙasar Tasawa da Mayahi tana cikin mazaunin jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta shahara har Turai. Bayan majemi ya jeme ta da bagaruwa, akan rina ta ja da karan dafi. Rinin yana zama ne a fuskar fata. Baduku sai ya shata siffar da yake so da bakin aska, ya ɓare siririyar fuskar da ke ciki, hasken fatar da rini bai taɓa ba ya fito. Da haka ake ƙawata kuben takobi da jaka da matashin fata. Ga shimfiɗa biyu, ga launi biyu, ga cirewa. Bambancin kawai shi ne a fata aka yi, Turawa kuwa sun saba jin kalmar a kan bango da tukwane.

Ƙwarya tana biye. Bayanta ruwan ɗorawa ne, ƙarƙashinsa fari. Mai adon ƙwarya yakan kankare wasu wurare ya bar wasu, zane ya fito. Wannan ɗan'uwan sgraffito ne na kusa, illa dai shimfiɗar halitta ce, ba mutum ya ɗora ta ba. Zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa mai zafi kuwa ƙuna ne, hanyarsa daban.

Wace kalma ta dace?

Hausa ba ta rasa aikatau a nan: karce, kankare, ɓare, tsaga, sassaƙa, kowanne da irin motsin hannunsa. "Zane" ya haɗiye su duka, har da tsagar fuska da layin alƙalami, shi ya sa fassara da shi take gurguwa. "Zanen kankare" zai yi kyau, sai dai a rubuce yana karo da kankaren gini, mai karatu zai ɗauka siminti ake nufi. "Zanen ɓare" ya dace da fata, bai dace da bango ba. Saura "zanen karce", wanda ya yi daidai da tushen kalmar a Italiyanci, kuma ya game bango da tukunya da fata. Shi ake ba da shawarar a ɗauka.

Kammalawa

Tun da aka soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973 ake bukatar kalmomin fannoni a Nijar. Idan littafin makaranta ya ce "zane" ya yi shiru, yaron Mayahi zai tashi yana zaton sgraffito abin Italiya ne, alhali layar da ke wuyansa da wannan dabara aka ƙawata ta. Yanzu da roba da kwanon sanholam suka kusa ture ƙwarya daga gidaje, aikin da ba shi da suna a rubuce yana iya ɓacewa ba a ankara ba. Ya kamata masu tsara ƙamus su zauna da dukawa da magina da masu adon ƙwarya na Tasawa da Mayahi, su ji yadda su kansu ke kiran kowane mataki na aikinsu, kafin a tsayar da kalma.