Sukur, Dutsen da Ya Ciyar da Maƙera

Duk ɗan Mubin da bai taɓa hawa dutsen Sukur ba, wallahi an bar shi a baya! Ga shi nan a Ƙaramar Hukumar Madagali, ka bi ta Michika ka nufi Gulak, amma mun fi sanin labarin gidajen tarihin Jos da Legas. Sukur ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Babu kwabar gilashi a nan, ƙauyen ɗungurungum shi ne gidan tarihin.

Tun daga gindin dutse hanya shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu, jerin hannu, har fadar Hidi, sarkin Sukur. Gwiwa za ta ji jiki, amma ido ba ya barin ka ka zauna: ga gonaki hawa-hawa, ga rumbuna, ga ramukan dutse da ake turke bijimai.

Ni dai murhun narkar da tama ne ya tafi da hankalina. Masha Allah! A da, masu wannan sana'a ba rami suke haƙa ba, baƙin yashi suke tarawa a rafuka, a wanke shi sai mai nauyin ya rage. Murhun na yumɓu ne, zuga-zugin kuwa a samansa yake, iska na gangarowa ta dogon bututun yumɓu har tsakiyar gawayi. Mai zuga yana can bisa, wuta na ci a ƙasansa. Na durƙusa na leƙa bakin murhun, na shafa bangon da wuta ta gasa ya yi ƙarfi kamar dutse, sai tsigar jikina ta tashi. Wace irin basira ce wannan?

Daga nan ƙarfe ya riƙa sauka zuwa filayen Barno ya zama fartanya da gatari, sandunansa ma kuɗi ne a lokacin, har aure ake yi da su. Hare-haren Hamman Yaji, sarkin Madagali na wancan zamani, ba su kashe sana'ar ba. Tarkacen ƙarfen motoci da ya cika kasuwa da araha ne ya kashe ta.

Malaman makarantun Mubi, don Allah ku kai yaranmu! Ku bari sai hunturu, ku tambayi lafiyar hanya tukuna, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, kuma ku ce lallai sai ya kai ku wurin murhun.