Kalmar "Talaka" a Jawaban Siyasar Malam Aminu Kano

Mai nazarin jawabin siyasa ba ya tsayawa ga abin da aka faɗa kurum, sai ya duba yadda aka faɗe shi da kuma wanda aka nufa da shi. Wannan maƙala za ta duba dabara guda daga cikin dabarun jan hankali da Malam Aminu Kano (1920–1983) ya yi amfani da su, watau yadda ya sarrafa kalmar "talaka" wajen kiran jama'a zuwa ga daidaito.

A asalin Hausa, kishiyar talaka ita ce basarake. Duk wanda ba ya riƙe da sarauta, kuma bai fito daga gidanta ba, talaka ne, ko da kuwa fatakensa suna kaiwa Gwanja. Daga baya ne ma'anar rashin abin hannu ta rinjayi kalmar. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta tarar da kalmar da fuskokin nan biyu, ba ta kuwa zaɓi ɗaya ta bar ɗaya ba. Sanarwar Sawaba ta wannan shekara ta raba al'umma gida biyu: masu riƙe da mulkin En'e, da talakawa. Da wannan rabo, manomin da jangali da haraji suka sha wa kai, da ɗan kasuwar Fagge mai rufin asiri, da malamin zaure, da ɗan koli, duk suka sami kansu a inuwa ɗaya. Kowa ya ji an ambaci talaka sai ya ɗauka da shi ake. Nan ƙarfin dabarar yake.

Abin lura kuma shi ne, Malam bai cika dogara ga kalmar "daidaito" ita kanta ba. Hausawa sun saba cewa yatsun hannu ma ba ɗaya suke ba, saboda haka wanda ya tsaya a dandali ya ce talaka da sarki ɗaya ne, zai sha musu tun bai rufe baki ba. Sai ya bi ta hanyar adalci da zalunci, kalmomin da kowane almajiri ya san nauyinsu. Shi ɗan gidan malamai ne na Genawa, mai tafsiri, don haka ya san inda zai ɗebo hujja. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa jihadi. Da Malam ya tuna wa masu sauraro wannan, ya juya wa sarakuna takobin kakanninsu ke nan: ba shi ne ya zo da baƙon abu ba, su ne suka bar turbar da aka ɗora su a kai. Wannan ita ce amsarsa ga masu cewa 'yan NEPU marasa kunya ne, masu raina na gaba.

Su ma abokan hamayya ba su bar masa fagen ba. Taken NPC na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da bambancin addini ko muƙami ko ƙabila ba, shi ma kiran daidaito ne. Sai dai wannan daidaito ne mai rufe bambancin da ke cikin gida don a fuskanci na waje, alhali na NEPU tone bambancin yake yi. Har kirarin jam'iyyun ya nuna haka: waɗancan suna cewa Salama, watau a zauna yadda ake, waɗannan suna cewa Sawaba, watau a sauke nauyin da aka ɗauka. Kalmar ta yi farin jini har jam'iyyar Jibo Bakari a Nijar ta ɗauke ta suna.

Ba a baki kaɗai balagar take ba. Farar riga maras aiki da jar hula, a zamanin da girma yake ga rawani da alkyabba, su ma jawabi ne.

To amma dabarar tana da rauninta, kuma masu yabon Malam ba su cika tsayawa a kansa ba. Kalmar da ta haɗa attajiri da ɗan dako ba ta iya faɗin abin da za a yi ranar da bukatunsu suka saɓa. Muddin akwai dogari da ɗan doka da kotun alkali a gaba, ba mai tambaya. A 1979 kuwa, da PRP ta ci jihohin Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, sai babban misalin zaluncin da aka shekara kusan talatin ana nunawa da yatsa ya kau. Kafin a je ko'ina jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, kowane ɓangare yana rantsuwa da talaka, kowane yana zargin ɗaya da sayar da shi. Harshen da aka ƙera don suka bai tanadi kalmomin raba gardama tsakanin masu suka ba.

Inda kiran ya fi fitowa fili, babu harshen damo, shi ne kan mata. A nan Malam ya nemi abu ƙayyadadde, watau ilimi da ƙuri'a, kuma ya san zai rasa magoya baya a kansa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda wannan kira. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, shekara goma bayan sojoji sun rushe NEPU tare da sauran jam'iyyu.