Bitar DHIS2: Manhajar da aka ƙera da shawarar masu aiki da ita

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomi 11 na Jihar Gombe, daga Nafada har Shongom, kan tattara abin da ke cikin rajistocinsu: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa rigakafi, mutum nawa gwaji ya nuna suna da zazzaɓin cizon sauro. Jami'in bayanai na ƙaramar hukuma ya shigar da su cikin DHIS2. Daga nan mai nazarin alƙaluma a ma'aikatar lafiya da ke garin Gombe da takwaransa na Abuja abu guda suke gani.

Abin da ya fi burge ni game da manhajar nan asalinta ne. Shirin HISP da ya haife ta ya fara ne a Afirka ta Kudu a 1994, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta Norway da Jami'ar Western Cape. Masu ƙerawar sun zauna da ma'aikatan lafiya na gundumomi, su gwada, a ce musu nan bai yi ba, su koma su gyara. Sabon zubin manhajar, wato DHIS2, an fara aiki da shi a Kerala ta Indiya a 2006. Kyauta ce, kuma kowace ƙasa na iya daidaita ta da bukatarta.

Wannan tarbiyya tana bayyana a wurin aiki. Ana iya tsara shafin shigar da bayanai ya yi kama da fom ɗin takardar da ma'aikaci ya saba da shi, don kada ido ya ɓata. Idan aka rubuta adadin da ya saɓa wa hankali, sai ta ja kunne. Manhajarta ta wayar Android kuwa tana karɓar bayani ko babu intanet, ta tura daga baya, kuma duk wanda ya san hanyoyin ƙaramar hukumar Dukku ya san darajar wannan. Akwai kuma gurbi a ƙarƙashin jadawali inda abokan aiki ke rubuta fahimtarsu, su tattauna. Gwanayen harsunan kwamfuta irin su R ko Python na iya janyo bayanan su yi nazari mai zurfi.

Inda take da saura shi ne komawar bayani ƙasa. Ma'aikaciyar da ta cika fom da hannunta ba kasafai take ganin jadawalin da ya fito daga guminta ba, alhali ita ce ta san dalilin da ya sa mata suka rage zuwa awo lokacin damina. Laifin ba na masu ƙerawa kaɗai ba ne, amma tsarin da ke tutiya da sauraron masu amfani da shi bai kamata ya tsaya a ofishin ƙaramar hukuma ba.

Duk da haka, aiki ne nagari da ya cancanci yabo. Ina roƙon hukumomin lafiya na Gombe su riƙa mayar wa kowane asibiti sakamakonsa duk wata, da bayani cikin Hausa.