Fitilar Fijo ma ta iya lissafin dala

Jama'a, ku zo ku taya ni ji. Ranar Asabar na fita neman fitilar baya ta Fijo 504 ɗin da Baba ya bar mana, wadda tun bara nake lallaɓa ta. Na same ta a wani shago, cikin kwalin da ƙura ta rine, gara ma ta ci gefensa. Da na tambayi kuɗi, mai shagon ko kallon fitilar bai yi ba. Waya ya zaro, ya duba nawa dala ta kwana a kasuwar 'yan canji ta Wapa.

Na ce, "Alhaji, fitilar nan fa ta girmi yaron shagonka." Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai dala ce."

Dala ce! Kayan da aka shigo da shi tun dala tana naira ɗari da 'yan kai, yana zaune a kan kanta bai je ko'ina ba, shi ma wai dala ta taɓa shi.

Ai da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Yanzu kowa ya gano cewa Turawa sun dawo suna son tsofaffin motoci. Motar nan ta fito a 1968, aka ba ta kambun motar shekara ta Turai a 1969, daga baya suka gaji da ita suka watsar. Mu muka riƙe ta. A Kaduna aka ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekarar 2000, ta yi aikin gwamnati, ta yi tasha, ta kai amare. Yau masu tara tsofaffin motoci a Faransa da Jamus suna zuba mata yuro, sai kowane mai ruɓaɓɓiyar Fijo ya ɗauka gwal ya binne a bayan gida.

Wani ya nuna mini hoton gwanjon Turai a waya, ya buga lissafi da canjin ranar, ya yanka mini miliyoyi a kan motar da babu inji, kaji na ƙwai a kujerar baya. Malam, wadda ka gani a hoton mai ƙofa biyu ce, irin wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera wa jiki, wata ma buɗaɗɗen sama gare ta. Ita Turawa ke rububi. Taka kuwa ta yi shekara ashirin tana jigilar Kano zuwa Jos da buhunan albasa a kanta.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan gyara. Da can bola ce a wurin Turawa, a lodo kafireto da giyabos a kwantena, su sauka Kwatano, mu saya da araha. Yanzu mai kayan ya san akwai wanda zai biya shi da yuro ta intanet, me zai sa ya turo mana? Kuɗin da Bature zai kashe a cin abincin dare ɗaya, albashin wani ne a nan.

Na yarda, ɗan kasuwa bai yi ƙarya duka ba. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma da sabon farashi zai sake saro kaya. Na kuma yarda tsadar ta ceci wasu motocin daga gudumar 'yan gwangwan. Amma da dala ta ɗan sauko a Afrilun 2024, wa ya zaro waya ya rage ko sisi?

Ban sayi fitilar ba. Duk mai ta ɓangaren hagu, wanda har yanzu da naira yake ciniki, don Allah ya neme ni.