Itatuwa miliyan 200: wa ya ƙirga su?

A Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, wadda aka kafa a 2010, ɗalibin da ya yi nisa sai ya rubuta littafin bincike kafin a sallame shi. Ana koya masa yadda ake kafa hujja, da yadda ake auna maganar wani. In an faɗi abu, a tambaya: wa ya faɗa? Da ido ya gani, ko kintata ya yi? Ƴan'uwa, wannan darasi bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwar Gazawa ya san ba a biyan kuɗi sai an duba haƙori. To, yau takarda za mu duba wa haƙori, takardar da ta yi magana a kan gonakinmu.

Mutum uku suka rubuta ta da Ingilishi a 2009: Chris Reij, Gray Tappan da Melinda Smale. Wata cibiyar binciken abinci da ke Amurka, IFPRI, ita ta buga ta. Rabinta a kan Burkina Faso ne, rabi a kan sassaben zamani na jihohin Maradi da Damagaram, wato barin toho ya girma cikin gona maimakon a sare shi a ƙone. Ga abin da suka ce: an raya gona hekta miliyan 5 a Nijar, an samu sababbin itatuwa miliyan 200, kuma cimaka ta ƙaru da tan 500,000 kowace shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan biyu da rabi.

Inda takardar ta yi kyau, dole a yaba. Ba a ofis suka zauna ba. Sun kwatanta hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000, sun kuma taka ƙasa sun gani. Inda da fili ne fetal, yanzu ga itatuwa. Tsofaffin Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, za su shaida haka ko ba hoto. Sun kuma tari mai gardama tun bai buɗe baki ba. Wani zai ce ai ruwan sama ne ya dawo bayan farin 1984, shekarar El Buhari. Amsar ita ce, itatuwan sun fi yawa a gonakin da ake nomawa, inda jama'a suka yi yawa, ba a dajin da ba mai kula da shi ba. Da ruwa ne kaɗai, da daji ya fi gona. Wannan hujja ce mai ƙafa.

Amma ku ɗauko alli mu yi lissafi, don nan ne maganar take. Ba wanda ya bi itatuwa miliyan 200 ɗaya bayan ɗaya. An ɗauka kowace hekta tana da itace 40, aka ninka sau miliyan 5. Hatsin ma haka ne. An ɗauka kowace hekta ta ƙara kilo 100, wato buhu ɗaya, wajen tiya 40. Buhu ɗaya sau miliyan 5, shi ne tan 500,000. In mutum yana cin buhu biyu a shekara, ga mutum miliyan biyu da rabi sun fito. Kun gani? Duk ginin nan a kan buhu ɗaya tak yake tsaye. In ƙarin rabin buhu ne, mutum fiye da miliyan ɗaya sun ɓace daga lissafi. Marubutan ba su ɓoye ba, sun nuna ƙiyasi ne. Laifinsu shi ne sun bar ƙiyasi ya zauna kujera ɗaya da abin da hoto ya nuna. Daga nan lambar ta kama hanya, daga baki zuwa baki, daga taro zuwa taro, har kalmar ƙiyasi ta faɗi a hanya ba wanda ya tsince ta.

Kuma itace ba duka ɗaya ba ne, kowane manomi ya sani. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa da rani su bar taki. Sabara da kalgo, waɗanda suka fi yawa a jigawar Agye da Gazawa, suna tare iska da ƙasa, suna ba da itacen girki, amma aikinsu daban ne. Gonar gefen Gulbi a Gidan Rumji ita ma daban ce. Lamba ɗaya ba ta isa ta rufe waɗannan duka.

Sai maganar wanda ya kawo abin. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aiki da mishan a Maradi, ya fara yaɗa sassaben a 1983, kuma ya cancanci godiya. Amma lokacin da aka daina raba cimaka bayan yunwar 1984, da yawa sun sare itatuwan da suka bari. Abin ya kafu ne sa'ad da manomi ya ga itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikatan daji masu cin tara ba. Dokar daji ta 2004 ta zo ta tarar manoma sun riga sun yi nisa. Takardar ta taɓa wannan, kuma ta fi masu ba da labarin a bayanta adalci.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda lissafin ya tsallake. Hekta ake ƙirgawa. Magidancin da ya jinginar da gonarsa a yunwar 2005 bai fanshe ta ba, da matar da ba a ba ta gamana ba, buhun nan bai shiga rumbunsu ba. In manya suka ji an ƙoshi a Maradi, wa zai tuna da su ranar rabon taimako?

Takardar ba da Hausa aka rubuta ta ba, waɗanda aka yi maganarsu ba su samu damar cewa uffan ba. Amma buhun nan ɗaya muna iya auna shi da kanmu. A kowane ajin yaƙi da jahilci a zaɓi gona guda. A auna taki goma tsawo, taki goma faɗi ƙarƙashin gawo, a auna irinsa a fili cikin gonar nan dai. Da kaka a sussuke kowane daban, a auna da tiya, a rubuta a littafi da sunan gari da shekara. A yi haka damina uku a jere, don damina ɗaya tana iya ruɗin mutum. Ranar da ɗalibin jami'a ya zo da takardar tambayoyinsa, sai a shimfiɗa masa tabarma a miƙa masa littafin ya kwafa.