Fela Sowande da Muryar da Muke Yankewa

A Gbalahi nake zaune, a bayan garin Tamale, inda motoci suke kawo sharar gari su juye. Wanda ya yi maƙwabtaka da juji ya san abin da mutane suke gajiya da shi a kowane zamani. An yi wasu shekaru da kaset-kaset suka yi ta zuwa buhu-buhu, yara suna zare zarensu suna ɗaurawa a kara suna gudu da shi. Ban taɓa damuwa da abin da ke cikinsu ba sai da na gaji kwalin kaset na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tela ne, kuma duk dare idan ya rufe keke sai ya murɗo Rediyon Kaduna a gajeren zango, ya danna rakoda ya ɗauki waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata. Da kwalin ya zo hannuna sai na kai shi shago a zuba mini a memori, na ce wa yaron: "Ka bar waƙa zalla, ka yanke surutun nan na masu gabatarwa." Ya yanke. Kaset ɗin kuma na bar masa su, ban koma ba.

Wani Bayarabe da ya rasu a Amurka a 1987 shi ya nuna mini girman ɓarnar da na yi, kuma a kansa nake son yin magana.

Sunansa Fela Sowande. Kada mai karatu ya ɗauka Fela Kuti ne, domin wannan ya girme shi da shekara 33. An haife shi a Abekuta a 1905, ɗan limamin cocin Angilika, ya koyi kiɗan ogan a babbar cocin Legas a hannun T. K. E. Phillips. A 1934 ya tafi Landan. A can ya ci abinci da kiɗan jaz a gidajen rawa, ya yi wa mawaƙiyar nan Ba'amurkiya Adelaide Hall kiɗa, amma bai saki karatun kiɗan Turawa na dauri ba, wato irin wanda ake rubutawa a takarda, taron makaɗa su karanta su kaɗa. A 1943 ya sami babbar shaidar Royal College of Organists, kuma daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan na Kingsway Hall. A wannan zama nasa na Ingila ya shiga rediyo, inda ya riƙa gabatar da laccoci a sashen Afirka na BBC a kan kiɗan Afirka ta Yamma da hanyoyin da za a bi a bunƙasa shi, yana kawo misalai daga kiɗe-kiɗen da shi kansa ya tsara. A 1953 ya dawo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya, wanda a lokacin ake kira NBS, kafin ya zama NBC a 1957. Daga nan ya koma bincike a Jami'ar Badun, sannan a 1968 ya wuce Amurka ya koyar a Howard da Pittsburgh da Kent State, har rai ya yi halinsa a jihar Ohio.

Abin da aka fi saninsa da shi a yau shi ne African Suite, wanda ya tsara a 1944 domin kayan kiɗa masu tsirkiya. Kashi biyar ne, kuma mu mutanen Gana muna da rabo a ciki, domin karin biyu daga cikinsu, Joyful Day da Onipe, daga Ephraim Amu ya ɗauko su. Na ƙarshe, Akinla, karin hailaif ne aka ba gogunan Turawa. Wani abokina malamin makaranta ne ya fara tura mini shi a waya, kuma in faɗi gaskiya ya kama ni tun jin farko. Wanda ya tashi a ƙasar Dagombawa, ya ji masu gonje suna bin sarki ranar Damba, ba zai ji gogen Turawa baƙo ba. Ɗan'uwan gogenmu ne da ya yi zaman birni. A Akinla manyan gogunan suna riƙe ƙasa kamar mai taka rawa da dunduniya, ƙananan suna jefa kari a tsakaninsu, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, kusan yadda jagora yake yi da 'yan amshi. Lullaby kuma, wato waƙar reno, tana da sanyin da zai sa ka ajiye abin da kake yi.

To amma akwai abin da kunnen Bahaushe yake nema a nan bai samu ba. A wurinmu kiɗa magana yake yi. Kotson Narambaɗa da kalangun Shata da taushin Jankiɗi duk suna faɗin wani abu, haka ma lunga a hannun makaɗan Dagbon tana kiran sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya. Harsunanmu masu hawa da sauka ne, shi ya sa fata take iya kwaikwayon baki. Idan ka cire kari daga cikin maganarsa, ka ba goge ashirin, za ka sami daɗi, amma ba za ka san wa ake kira ba, ko wa ake yi wa zambo. Na sha sauraren Akinla, kuma duk lokacin sai in ji kamar na shiga gidan biki an yi shimfiɗa an kawo abinci, amma babu maroƙin da zai gaya mini 'yar wa ake aurarwa.

Wannan ya kai ni ga inda nake ja da Sowande na zamanin Landan. Kalmar nan ta bunƙasawa da ya ɗora laccocinsa a kai tana da wani zato a ƙarƙashinta, cewa kiɗanmu ɗanye ne, sai an kai shi tukunyar wasu kafin ya nuna. Na fahimci dalilinsa. Mutum ne da yake zaune a tsakiyar waɗanda suke mulkin ƙasarsa, yana son ya nuna musu da ma'auninsu cewa baƙar fata zai iya, kuma ya nuna. Amma wanda ya saurari yadda Narambaɗa yake gina waƙa ga ubangidansa Sarkin Gobir na Isa, yadda yake ɗora ɗa a kan ɗa, ya koma gindi, ya saki habaici ya ɗaure, ya san cewa wannan ba ɗanyen kaya ba ne. Shi ne namu kiɗan na dauri, da dokokinsa da malamansa da ɗalibansa. Abin da yake buƙata a ji shi da kyau, a kuma san ta bakin wa ya fito.

Abin da ya sa nake girmama Sowande shi ne, alamu sun nuna shi ma ya gane haka, kuma rediyo ce ta koya masa. Da ya dawo Legas bai tsaya ga tsara kiɗa kawai ba, ko da yake ya yi Folk Symphony domin bikin 'yancin kai na 1960. Ya shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, ya shirya shirin mako-mako a kan tatsuniyoyi da tarihin baka da al'adun Yarabawa, kuma masu abin da kansu, wato malaman gargajiyarsu, su ne suke magana. A nan ne nake ganin ya yi babban aikinsa. A Landan ya ɗauki karin mutane ya sa masa kwat. A Legas ya miƙa wa mutanen makirfo ya koma gefe. Wannan na biyun ya fi wuya, domin sai gwani ya danne gwanintarsa. Gaskiya ne ƙarfin aikin nasa ya fi karkata ga ƙasar Yarabawa, mu na Arewa ba mu ne a gabansa ba. Ban ga laifinsa ba, kowa gidansu ya fi sani. Hanyar da ya bi ita ce abin ɗauka: ka je inda mai abu yake, ka ɗauki muryarsa, ka faɗi sunansa.

To yanzu mu duba abin da zamani ya bari. Idan na ɗauki wayata a nan Gbalahi, kafin shayi ya huce na samo Akinla iri-iri. Waɗancan shirye-shiryen na mako-mako kuwa ba su cikin abin da mai saurare irina yake iya kaiwa gare shi. Kiɗan da aka rubuta a takarda ya rayu, domin duk taron makaɗan da ya sami takardar zai iya tayar da shi. Maganar da aka yi a iska kuwa, ranta yana hannun wanda ya ajiye tef.

Akwai ma wani abin mamaki. Inda Akinla ya fi shiga gidajen mutane ba Legas ba ne, ba Ankara ba, Kanada ce. Wani ma'aikacin rediyo mai suna Clyde Gilmour ya mayar da shi taken shirinsa, Gilmour's Albums, wanda ya gudana a tashar CBC daga 1956 zuwa 1997. Fayafayan da yake sawa nasa ne na kansa, daga gida yake kawo su, kuma da ya gama aiki tarin ya koma hannun tashar. Wato can an ɗauka cewa kunnen mai gabatarwa, da zaɓinsa, da jerin da ya yi wa fayafayai, su ma dukiya ne da ake gada. Ni kuwa na biya kuɗi aka goge irin wannan dukiya daga kaset ɗin ubana.

Mu Hausawa, musamman mu na zango da muke nesa da fadojin da aka yi waƙoƙin nan dominsu, ta rediyo muka san makaɗanmu. Mahaifina bai taɓa zuwa Isa ko Maradun ba. Gidan rediyon da aka buɗe a Kaduna a 1962 shi ya kawo masa su har teburin ɗinkinsa. A nan gida ma, rediyon Gana da ya samo asali daga tashar ZOY ta 1935 ya daɗe yana magana da Hausa da Dagbani cikin harsunansa. A duk waɗannan tashoshin akwai mutumin da yake zama ya zaɓi faifai, ya ce wannan waƙar wane ce, an yi ta ga sarki wane, ga ma'anar wannan kalma ta Gobiranci ko Zamfaranci. Aikin sanƙira yake yi, wanda yake tsayawa tsakanin makaɗi da jama'a yana warware abin da kiɗa ya dunƙule. Ba don shi ba, yaron Tamale da Hausarsa ta zango ba zai gane rabin abin da Ɗanƙwairo yake faɗi ba.

Na ga sakamakon yanke wannan murya da idona. Kwanan baya muka yi gardama da wani ɗan'uwa a kan wata waƙa da ke memorina. An rubuta mata sunan Narambaɗa, shi kuma ya rantse Sa'idu Faru ne. Babu mai raba mu. Na tabbata a kaset ɗin asali an faɗi sunan mai ita kafin a sake ta, domin haka suke yi, kuma na tuna mahaifina yakan danna rakoda tun ana sallama don kada kan waƙa ya wuce shi. Daƙiƙa talatin ɗin nan da na kira surutu ita ce takardar haihuwar waƙar. Yanzu waƙoƙin suna yawo daga waya zuwa waya, kowa ya laƙa musu sunan da ya ga dama, babu shekara, babu gari, babu sunan wanda ya ɗauka. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi ƙoƙari wajen rubuta tarihin makaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun ba mu littafi guda a kan Shata a 2006. Masu gabatarwar kuwa, waɗanda ta bakinsu muka fara jin sunayen nan, da wuya ka ji ana ambatonsu idan ana lissafin masu hidimar adabi.

Ba wai babu abin da ake yi ba. A Legon akwai taskar da ke ɗauke da sunan J. H. Kwabena Nketia, mai kiɗe-kiɗen da aka fara ɗauka tun shekarun 1950. A Ankara kuma tun 2008 aka fara juye tsofaffin fayafayan garmaho na GBC zuwa kwamfuta da tallafin gwamnatin Jamus. Wannan aiki ne na a yaba. Sai dai faifan garmaho waƙa ce zalla. Shirin da aka sa faifan a cikinsa, da muryar da ta gabatar da shi, da gaisuwar masu saurare daga Salaga da Yendi da Kumasi, waɗannan sau da yawa ba a ɗakin ajiyar tasha suke ba. Suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gadajen tsofaffi, a kaset ɗin da teloli da direbobi da mata masu koko suka ɗauka don kansu. Taskarmu a warwatse take a gidaje, kuma duk rasuwar dattijo ɗaya kwali ɗaya ne yake kama hanyar juji.

Hukuncina a kan Sowande ke nan: makaɗi ne gwani, amma ma'aikacin rediyon da ke cikinsa ya fi makaɗin hangen nesa, kuma abin takaici rabon makaɗin ne ya fi tsira. Ina ba mai karatu shawara ya nemi African Suite ya saurara, zai ji daɗinsa, musamman idan kunnensa ya saba da goge. Idan ya gama, sai ya leƙa ɗakin tsohonsa. In ya tarar da kaset, ya juye shi gaba ɗaya, da sallamar, da sanarwar, da ƙarar gajeren zango, ya rubuta sunan wanda ya ɗauka da shekarar da yake zato, sannan ya riƙe kaset ɗin kansa.

Kaset ɗaya ya rage mini, wanda ya maƙale a cikin rakodar shi ya sa bai bi kwalin ba. A farkonsa wani mutum mai sanyin murya yana yi wa masu saurare barka da dare, ya faɗi sunan makaɗi da na ubangidansa, sannan kotso ya shigo. A bayan muryar, can ƙasa-ƙasa, ana jin tarin mahaifina. Wannan ban bari kowa ya taɓa shi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.